Daren da na ce a bari gari ya waye

Ina da shekara 44 likita ya ce ina da hawan jini. Na sha magani wata bakwai, awo ya sauka, sai na jefa kwalin cikin aljihun tebur na ce na warke. Ba rashin hali ba ne, ba kuma wanda ya hana ni. Jikina ne bai taɓa yi mini ciwo ba, ni kuwa a ganina mai lafiya ba ya shan ƙwaya kullum. Shekara shida na yi ban ko miƙa hannu an auna ni ba.

Ƙannena, bari in faɗa muku abin da ke faruwa a cikin ƙirjina tsawon wannan lokaci. Akwai babbar jijiya da ke fitowa daga zuciya, likitoci na kiranta awota. Faɗinta a bakin zuciya ya kusa santimita 3. Tana hawa sama, ta lanƙwasa, ta gangara kusa da ƙashin baya har cikin ciki, kuma duk jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji da ƙafafu ta cikinta yake bi. Bangonta ninki uku ne. Zuciya na harba mata jini wajen sau 100,000 a yini, idan kuma jinin ya hau, kowane harbi duka ne a kan ninkin ciki. Ranar da ya gaji ya tsage, jini sai ya kutsa tsakanin ninkin yana ɗaye su, kamar yadda ruwa ke shiga tsakanin bango da yaɓe.

Nawa ya tsage ne da tsakar dare. Ciwon bai zo a hankali ba, farat ɗaya ya kai ƙarshen tsanani, a tsakanin kafaɗuna, kamar ana yaga ni daga ciki. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Matata ta ce, "Maigida, tashi mu tafi asibiti." Na ce mata olsa ce, a bari gari ya waye. Na haɗiyi maganin ciwon jiki na kwanta ina juyi. Ciwon ya bar kafaɗa ya gangara ƙugu, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin sauƙi, alhali tsagar ce ke tafiya ƙasa. Sai da ƙafata ta hagu ta yi sanyi ta mutu na yarda aka ɗauke ni. Awa biyar ta riga ta wuce.

Wannan awa biyar ita ce kuskurena mafi muni. Likitoci sun raba wannan cuta ta tsagewar awota gida biyu. Idan tsagar ta taɓa sashen da ke hawa daga zuciya, suna kiranta nau'in A, maganinta kuma tiyata ce nan take: a buɗe ƙirji, a ɗora mutum kan na'urar da ke aikin zuciya da huhu, a yanke wurin a dasa bututun roba. In ba a yi ba, a kwana biyun farko, kowace awa tana ƙara hatsarin mutuwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Tawa nau'in B ce, a sashen da ke gangarawa. Ba wayona ba ne ya zaɓa mini wannan, Allah ne ya sa da sauran shan ruwana.

A asibiti gwajin zuciya bai nuna komai ba, kuma haka yakan faru. Wata likita ce ta laluba bugun jini a matsematsina na hagu ta rasa, ta ce a yi mini hoton CT da ruwan allura. Hoton ya nuna komai. Suka saukar da bugun zuciyata zuwa wajen 60 a minti, lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 120, don rage wa jijiyar duka. Wasu masu nau'in B magani kaɗai ke riƙe su. Ni saboda ƙafar, sai da aka zura bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar cinya aka toshe bakin tsagar daga ciki.

Likitar ta tambaye ni ko wani ya taɓa mutuwar fuju'a a gidanmu. Sai a ranar na tuna baffana, wanda ya dafe ƙirji ya faɗi bai cika hamsin ba, ba wanda ya bi ba'asi. Ku tambayi manyanku irin wannan tun suna raye, don cutar na bin jini. Ba ta tsofaffi kaɗai ba ce: masu ciwon Marfan, waɗanda galibi dogaye ne masu zara-zaran hannuwa da yatsu, tana kama su da ƙuruciya. Masu juna biyu a watannin ƙarshe ma suna cikin hatsari, haka masu taba da hodar ibilis. Har Michael DeBakey, likitan Amurka da ya buɗe hanyar wannan tiyata, ita ta same shi yana da shekara 97, aka yi masa aikin a 2006.

Idan ciwo mai tsanani ya faɗo wa ɗayanku kwatsam a ƙirji ko baya, musamman in yana sauya wuri, ko ya zo da suma, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa, a nufi sashen gaggawa a lokacin. Kada ku sha asfirin da kanku kuna zaton toshewar jijiyar zuciya ce, domin in tsaga ce, abin da ke tsinka jini na iya ƙara ɓarna. Ku faɗa wa likita yadda ciwon ya fara, da minti nawa ya ɗauka kafin ya tsananta, da tarihin gidanku.

Yanzu ina shan magani safe da yamma, an hana ni ɗaga kaya mai nauyi, kuma kowace shekara ana sake hoton don a ga ko jijiyar na kumbura. Ɗana na fari da ƙannena biyu an duba su. An sami ta ƙaramin ta ɗan faɗaɗa, ya fara magani, zai koma hoto bayan wata shida.