Tambayar da wani dattijo ya yi mini a bakin rumbu

Shekara uku ina aikin malamin gona a ƙauyukan Ringim, kullum maganata ɗaya ce: ku sa safar hannu, ku rufe hanci, kada ku yi feshi iska na busowa ta gabanku. Wata rana da kaka na tarar da wani dattijo yana yayyafa wa wake fiya-fiya zai ɗura a buhu. Na fara jan kunne ke nan, sai ya ɗago ya ce, "Malam, shi wanda ya haɗa maganin nan bai san ciki wake zai shiga ba?"

Na ce, "Baba, ai ba don wake aka yi shi ba." Amma tambayar ta bi ni har gida.

Fiya-fiya, wato diklobos, yana toshe wani sinadari da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Ƙwaro na da shi, ɗan Adam ma na da shi. Ragowar wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuwa muna ta dafa shi da shinkafa.

Sai da na koma ƙaro karatu na gane dattijon tambayar masana ya yi. A 1998 Paul Anastas da John Warner na Amurka suka jera ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da cuta ba, ɗaya a ciki ita ce a rage dafin abu tun wajen tsara shi. Yanzu masu nazarin guba kan zauna da masu haɗawa tun farko, a gwada a kwamfuta da ƙwayoyin halitta, abin da ya nuna illa a watsar kafin ya ga kasuwa. Malatiyon ya fi burge ni. Dangin fiya-fiya ne, amma hantar mutum na iya farfasa shi da sauri, jikin ƙwaro kuwa bai kai ba. Guba ne har gobe, sai dai bambancin yana cikin ƙirarsa, bai jira manomi ya karanta takardar da ba da Hausa aka rubuta ba.

Ban daina maganar safar hannu ba. Na daina dai ɗora wa manomi laifin duka, mutumin da ke feshi a zafin bazara gumi na shiga masa ido. Da kaka ta zagayo na kai wa Baba buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ƙwari ke mutuwa a cikinsa don rashin iska. Ya jujjuya shi, ya tambayi kuɗinsa, ya ce in kawo masa huɗu.