Sufacaja da zafin Jidda: abin da nake duba wa masu mota

Garejina yana unguwar masu gyaran mota a Jidda, kuma da zarar watan Mayu ya kama, rabin aikinmu motoci ne masu sufacaja, wato na'urar da ke matse iska tana tura ta cikin inji don ƙara masa ƙarfi: Range Rover mai inji 5.0, Dodge Hellcat mai 6.2, da tsofaffin Mercedes Kompressor da 'yan uwanmu Hausawa ke saye hannu na biyu. Tambayarsu ɗaya ce: Malam, zafi nawa ne ya yi yawa?

Ruwan lagireto daga digiri 90 zuwa 105 lafiya ƙalau ne, ko da kana cikin cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Ya haura 110 ya ƙi sauka, ka sassauta totur. Ya doshi 120, ka gangara gefen titi. Ruwan da aka haɗa rabi da rabi da maganin sanyaya inji, in murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, ba ya tafasa sai wajen 125. Murfin nan da ake rainawa in ya saki, ruwan zai tafasa tun kafin 110. Baƙin mai kuwa daga 100 zuwa 120 babu damuwa, amma ya wuce 130 ya daɗe a can, ya tsinke ke nan.

Sai dai allurar zafin inji da ke gaban direba ba ta faɗa maka wannan. A motoci da yawa an yi ta ne ta tsaya a tsakiya ko zafin ya hau ko ya sauka, sai abu ya ɓaci take motsi. Shi ya sa nake jona kwamfuta, mu hau titi tare da mai motar, ya ga lambobin da idonsa.

Inda aikina yake shi ne iskar da ke shiga inji. Sufacaja matse iska take yi, iska kuwa in an matse ta zafi take ɗauka. To ga garin da aka taɓa auna digiri 52 a watan Yunin 2010, ka ga iskar tun daga waje a dafe take shigowa. Don haka irin su Range Rover da Hellcat suna da lagireto na biyu, ƙarami, da famfonsa na lantarki da ruwansa daban, aikinsa kawai sanyaya iskar nan. Famfon na iya mutuwa allura ba ta ce uffan ba. Iskar ta wuce digiri 60, kwamfutar motar ta ja wutar fulogi baya don kare fistin, mota ta yi nauyi. Mai ita ya zo yana cewa matsalar giyar mota ce. Ni kuwa hannu nake ɗorawa a kan tiyon, in ban ji ruwa na gudana ba na san inda zan kwance.

Wannan ɗora hannun a wajen kawuna na koya, a Makka, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Yakan tura ni in wanke haƙarƙarin lagireto daga baya zuwa gaba, ya ɗaga fitila ya leƙa, in haske bai ratsa ba ya ce, "Ɗana, koma." Ƙurar ƙasar nan da danshin teku sukan toshe tsakanin lagireto da na na'urar sanyi kamar an yaɓa laka, har yau haka nake sa yarana su yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne kayan jabu. Famfo a kwali mai kyau, rabin kuɗin na asali, wata biyu ya tsaya. Alhaji zai sayi mota mai tsada, sannan ya tsaya yana ciniki da ni a kan murfin lagireto, "Haba Malam, ai a can sun ce riyal kaza." Wasu kuma an cire musu tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, wai don inji ya huce, an ɗura ruwan famfo, an sha fetur 91 a injin da ke son 95, sai a ɗauki hanyar dutsen Hada a hau Ɗa'if da rana tsaka da iyali cike da mota. A hawan nan ne gasket ɗin kan inji, shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da jikinsa, ke ƙonewa. Ni ba na ɗaura abin da ba zan sa a motata ba, ko da ciniki zai watse.

Mai irin motar nan ya kawo ta kafin zafi ya kankama, kuma da sassafe, don ba na buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.