Ranar da na karɓi kuɗin wayar da ba ta iso ba

Shekara uku na yi ina tsaron shagon waya a gefen kasuwar Maigatari. Maigidana ke zuwa Farm Centre a Kano ya saro kaya, ni kuma in sayar, in sa wa mutane caji, in liƙa gilashi. Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwa, ko ruwa da ƙyar nake samun sha.

Duk sanda Tecno ko Infinix suka fitar da sabuwar waya, kafin ta iso hannunmu samari sun riga sun gan ta a Facebook da TikTok. Sai su zo su dafa kanta: "Ta zo?" In ce tukuna. Gobe su dawo. Na taɓa ganin hotunan mutanen Amurka suna kwana a bakin shago da kujeru da barguna, suna jiran iPhone ta farko da ta fito ranar 29 ga Yuni, 2007. Da na ɗauka halinsu ne su kaɗai. Ashe zuciyar ɗaya ce.

Wata kaka, an gama yankan riɗi, maigida ya ce min yana sa ran sabuwar waya guda biyar za su zo. Ni kuma na karɓi kuɗin mutum takwas, ina rubuta sunaye a littafi, ina ganin na yi wa shago ciniki. Na bakwai wani yaro ne daga ƙauye. Ya ciro kuɗinsa daga baƙar leda, ya ƙirga sau biyu, hannunsa duk kanta. Riɗinsa ya sayar tun bai yi daraja ba. Ya ce, "Yaya, ka riƙe min, kada wani ya riga ni."

Uku suka iso, kuɗinsu ma ya ƙaru saboda dala ta tashi. Ranar Alhamis ɗin tun da hantsi aka yi layi har bakin mai shayi, kowa na cewa shi ne farko, ana ɗaga murya. Yaron bai ce uffan ba. Ya karɓi ledarsa ya sa a aljihu, alhali buhun da ya sayar ya riga ya ƙara kuɗi a kasuwa. Wannan shirun nasa ya fi hayaniyar sauran ci min rai.

Da dare maigida ya zaunar da ni a kan benci. Bai yi faɗa ba. Ya ce na yi cinikin biri a sama, ya tuna min cewa Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Na san hadisin tun makarantar dare, amma ban taɓa hango shi a cikin shagonmu ba.

Tun ranar na daina karɓar ko sisi kafin kaya su sauka. Lambar waya nake ɗauka, in sun zo in kira. Mai gaggawa kuma ina gaya masa gaskiya: zubin farko ya fi tsada, murfinta bai shigo ba, in fuskarta ta fashe masu gyara ba su da irinta tukuna. Wasu su saurara, wasu su wuce shagon gaba, kuma ban riƙe su a rai ba.

Bayan wata biyu yaron ya dawo. Na fito masa da samfurin bara, na kunna masa, ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko batirinta zai kai shi kwana biyu a gona.