Yau dai kalangu ya fito a bencin Sani

'Yan uwa masu wannan harka, wata biyu ina fama da bencin nan mai mayar da kiɗa jijjiga don kurma ya ji a jikinsa, sai jiya da daddare ya yi abin da nake so. Har yanzu murna ba ta sake ni ba.

Waɗanda suka ga rubutuna na baya sun san don ɗan yayata Sani nake haɗa shi. Kurma ne tun haihuwa, kuma duk biki sai ka gan shi ya manne da makaɗa yana dafa ganga.

Ganga ba ta ba ni wahala ba. Da na ɗaure majijjigi, wato na'urar da ke mayar da sauti jijjiga, a ƙarƙashin falankin bencin, na yanka tsohuwar taya na sa wa ƙafafun don kada siminti ya shanye jijjigar, shi ke nan ta fito. Kalangu ne ya hana ni barci. Makaɗi zai matse shi a hammata ya sake, murya ta hau ta sauka, amma a benci shiru. Na canza katako, na ƙara ƙarfi har falanki ya fara ɓari. Na haɗa majijjigai biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) a kan mafita guda ta amfilifaya ba tare da lissafi ba, suka koma om 2, wuta ta yi mata yawa ta ƙone. Naira dubu 28 ta tafi, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ashe laifin filta ne, wato matatar da ke tare duk sautin da ya haura inda aka saita ta. Na bar ta a 80 Hz (jijjiga 80 a daƙiƙa) kamar ta sabufa, sifikar kakkauran sauti, alhali muryar kalangu tana sama da nan, ni da hannuna nake yanke ta. Ga shi kuma fatar tafin hannu da yatsu ta fi jin jijjiga wajen 250 Hz, ba mazaunai ba. Sai na buɗe filtar zuwa 300, na ware ƙaramin allo siriri na dafawa da nasa majijjigin. Ganga ta bi ta benci, kalangu ta hannu.

Sani ya dafa, na kunna. Can sai ya ɗaga ɗaya hannun yana hawa da sauka daidai da matsar kalangun, ya ce min da maganar hannu: “Kawu, sake.” Sau tara muka sake. Wallahi sai da na fita waje na share ido.

Saura matsala ɗaya: bayan minti goma tafinsa yana yin sanyi da ƙaiƙayi. Wanda ya taɓa shimfiɗa fata ko roba a kan allon, don Allah ya gaya min wanne ne bai kashe jijjigar ba.