Gubar da aka sa wa kura ce ta cinye mana ungulaye

Ƙwai ɗaya tak babbar ungulun daji ke yi a shekara. Kafin ma ta kai ga yin wannan ɗayan sai ta shekara biyar ko shida a duniya. Uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kusan wata biyu, in an ƙyanƙyashe kuma ɗan ya ƙara wajen wata huɗu a sheƙa kafin ya iya tashi. Duk wanda ya yi aiki da tsuntsuwar nan ya san wannan lissafin kamar sunansa, kuma shi ne ke hana mu barci, domin abin da aka kashe da hantsi ɗaya sai a yi shekaru ba a mayar da gurbinsa ba.

Ilimin dabbobi na karanta, kuma tun da na gama ban yi wani aiki ba sai na ungulu. Yadda ake kama su, a sa musu zobe a ƙafa, a ɗaura musu 'yar na'urar bin sawu a baya, duk wanda ya shigo fagen zai koya a hannun na gaba da shi, namu ma lafiya lau ya tafi. Kowace safiya in buɗe kwamfuta in ga ɗigo-ɗigo a taswira, kowane ɗigo tsuntsuwa ce da na taɓa riƙe ta a hannuna, ga inda ta kwana, ga inda ta nufa. Rabin aikin kuwa koyarwa ne. Mun kafa ƙungiyoyin yara a makarantun da ke kewaye da gandun dajin da muke aiki a cikinsa, ina kai musu madubin hangen nesa, ina nuna musu cewa ruwan cikin ungulu yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta irin na ciwon saifa, shi ya sa take cin abin da zai kashe wani ta kwana lafiya. Abin da yaran suka fi so shi ne labarin wata ungulu da ta yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan a 1973, a tsawon mita 11,300. Sai ka ga sun ɗaga kai sama gaba ɗaya. Ina alfahari da yaran nan har yau, kada a fahimce ni ba daidai ba.

Wata safiya na ga ɗigo uku sun taru wuri guda a wajen iyakar gandu, kuma tun jiya da hantsi ba su motsa ba. Ungulu ba ta jewar banza, haka nan ba ta kwana a ƙasa. Tun a mota jikina ya ba ni.

Ƙudaje na fara gani. Mushen saniya ne a gindin wata bishiya, ƙudaje sun mutu sun yi masa ƙawanya, baƙi ƙirin a kan ƙasa, babu ko ɗaya mai tashi. An tsaga cinyar da cikin da wuƙa, a cikin tsagar ga tsaba-tsaba launin shunayya, irin maganin ƙwarin gona mai suna kabofuran. Sannan ungulayen. Wasu a kan mushen, wasu sun ja jiki 'yan taku kaɗan, wasu sun kai ga hawa bishiya suka faɗo. Faratansu a dunƙule kamar mai riƙe da wani abu, wuya a lanƙwashe, amai a gefen baki. Gommai ne. Akwai dila guda a can gefe. Lokacin kuwa lokacin renon 'ya'ya ne, wato kowace babba da ke kwance a wurin akwai yiwuwar ta bar ɗa a sheƙa wanda yunwa za ta ƙarasa. Daga baya mun zaga sheƙunan da muka sani, abin da muka ji tsoro shi muka tarar a da yawa daga ciki.

Kura ko ɗaya babu a cikin matattun. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ita aka yi wa.

Da farko zuciyata mafarauta ta kawo mini. Mu a wannan aikin labarin da muka fi sani ke nan: masu kashe giwa suna barbaɗa wa mushenta guba da gangan, don kada jewar ungulu ta tona wa ma'aikatan gandu inda suke. Haka aka yi a Botswana a 2019, ungulaye 537 suka mutu a kan mushen giwaye uku. Akwai kuma masu kashe su don sayar da kawunansu ga masu tsubbu, kamar yadda aka yi a Gini Bisau a 2020, inda fiye da 2,000 suka hallaka. Irin waɗannan mutanen nake jira, su muka shirya wa. Amma a nan ba a cire kan ko ɗaya ba, kuma saniya ce, da shaidar mai ita a jikinta.

Na san shaidar. Ta wani dattijo ce makiyayi, wanda shi da kansa ya nuna mana sheƙuna da dama lokacin da muka fara aiki, bai taɓa karɓar komai a hannunmu ba. Ɗansa kuma shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ƙungiyar yaranmu, yaron da ke iya bambance ungulu mai farin baya da mai farin kai tun suna can sama.

Na same shi da yamma yana ɗaure 'yan maruƙa. Muka gaisa kamar kullum, sannan na ce, "Baba, saniyar da ke gindin bishiyar can taka ce?"

Ya ce, "Tawa ce, Malam. Ni na sa maganin. Kura na sa wa."

Na faɗa masa abin da na tarar. Ya daɗe bai ce komai ba. Ya ce wallahi bai yi nufin ungulu ba, me ungulu ta taɓa yi masa? Ita ce ma ke nuna masa inda dabba ta faɗi in ta ɓace. Amma kura ta shigo masa garke da dare ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wannan karon kuma mai ciki ta kama. Na ce, "Baba, yaronka bai faɗa maka abin da guba ke yi wa ungulu ba?" Ya ce, "Ya faɗa mini ungulu na share daji, na kuma yarda. Abin da zan yi da kura ne ba wanda ya faɗa mini."

Wannan maganar ta ƙona ni, kuma dalilin da ya sa ta ƙona ni shi ne mun san da matsalar. Watanni kafin wannan rana na rubuta wa ƙungiyar da ke ba mu kuɗin aiki cewa makiyayan da ke bakin gandu suna asarar dabbobi da dare, shingayensu na ƙaya ne da kura ke kutsawa, a ba mu wani kaso mu taimaka a yi shinge mai ƙarfi da waya da ƙofa. Amsar da ta dawo ita ce wannan harkar kiwo ce, ba ta cikin babin kare namun daji. A takarda ɗaya aka amince mana da buga hotunan bango, da rigunan yara, da ƙarin na'urorin bin sawu. Na kira jami'in na ce, "Yallaɓai, kuɗin na'ura ɗaya ya isa a kewaye garke." Ya ce ya gane, amma masu ba da tallafi taswira suke son gani da hotunan yara. To sun samu taswirar. Na'urorin da suka saya su ne suka kai ni inda tsuntsayen suka mutu, aikinsu ke nan a ranar.

Ba wai ba a san wannan a ilimance ba. Binciken da aka yi kan raguwar ungulayen Afirka ya nuna kusan kashi 61 cikin ɗari na mutuwar da aka samu rahotonta guba ce, kashi 29 cinikin sassan jikinsu, kashi 9 kuma wayoyin lantarki. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'i huɗu na ungulayen nahiyar a jerin masu dab da ƙarewa. Kuma kaso mai yawa na gubar nan ba don ungulu aka sa ta ba, mutum ne da zaki ko kura ko karnuka suka yi wa ɓarna, ransa ya ɓaci, ga magani a kusa mai arha. Ungulu kuwa a taro take ci, ɗaya ta sauka sauran su hango ta daga nesa su biyo, shi ya sa mushe guda ke iya share na yanki guda. Wanda yake ganin abin wasa ne ya dubi Indiya. Can ba ma da nufin kashe komai aka yi ba, maganin ciwon jiki ne mai suna diklofenak da ake yi wa shanu allurarsa, in saniyar ta mutu ungulu ta ci sai ƙodarta ta lalace. Tsakanin 1992 da 2007 nau'i guda ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari. Sai a 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, haukan kare ya ƙaru.

Ga wanda zai shigo wannan aikin, abin da zan fara ce masa shi ne ya koyi abin da ake yi a awannin farko, tun kafin ya buƙace shi. Safar hannu da takunkumi su zauna a mota kullum, domin maganin nan yana shiga ta fata. A ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a ɗebi samfur daga mushen da maƙoshin tsuntsayen, a rubuta wuri da lokaci. Masu sauran numfashi a kai su inuwa, a rufe musu kai su natsu, a nemo likitan dabbobi da allurar atrofin mai karya gubar da garin gawayi na magani. Mun ceto kaɗan a ranar ta haka, kuma ganin sun tashi bayan kwanaki shi ne kawai sanyin da na samu. Sannan a tara duk abin da ya mutu, har da aman da ƙasar da ta jiƙe, a ƙone ƙurmus. In aka bar ko ƙafa ɗaya, gobe wani ayarin zai sauka a kai. Wani ya tsaya yana korar masu jewa har wutar ta gama ci.

Amma duk wannan bayan an yi ɓarna ne. Abin da zai hana ta yana wurin garke da dare, kuma nan ne aka ce mana ba huruminmu ba ne. A Kenya sun daɗe da gane haka, suna gina wa makiyaya shingen da zaki da kura ba sa iya shiga. Wani yaro ma ɗan can, Richard Turere, tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya haɗa fitilu masu ƙyaftawa a kewayen garken gidansu kusa da gandun dajin Nairobi, zakuna suka ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila suka daina zuwa. Ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. In saniya ba ta mutu ba, ba wanda zai nemi guba.

Dattijon nan ban kai shi ga hukuma ba, kuma wasu abokan aikina sun ga laifina. Rahoton abin da ya faru na rubuta shi yadda yake, na kai inda ya kamata, amma na roƙi a bar ni in yi aiki da mutumin. Ra'ayina shi ne in aka ɗaure shi, duk makiyayin da ke yankin zai rufe bakinsa, guba ta gaba kuma sai dai mu ji wari. Mafarauci mai kashe giwa daban, wannan a kama shi a hukunta shi, ba ni da tausayinsa. Mutumin da ya rasa saniya mai ciki daban. Da kuɗin aljihunmu ni da abokan aiki biyu muka sayi waya da ginshiƙai, shi da 'ya'yansa suka yi aikin. Tun daga nan kura ba ta sake shiga masa ba. Yanzu in an yi wa wani ɓarna da dare shi ke fara kirana, mu isa wurin tun mai dabbar yana cikin zafin rai, mu zauna da shi, mu ɗauke mushen kafin tunanin magani ya zo masa. Ranar da ta fi kowace haɗari ita ce washegarin asara.

Koyarwar ma ta sauya. Makarantu ban daina zuwa ba, amma yanzu mafi yawan maganata a mashayar dabbobi nake yin ta, da iyayen yaran, kuma ba da ungulu nake farawa ba. Da kura nake farawa: ta ina take shiga, ƙarfe nawa, wace irin ƙofa ce ke tare ta. Dattijon ne ke ba da labarin abin da ya gani a gindin bishiyar, da bakinsa, kuma sun fi jin tasa fiye da tawa nesa ba kusa ba. Ina zuwa wurin masu sayar da maganin gona kuma, ina roƙonsu in mutum ya zo neman 'yar ƙulla alhali ba lokacin shuka ba ne, su tambaye shi me zai yi da ita. Wasu suna ji, wasu suna cewa kasuwa ce.

Ƙungiyar da ta hana mu kuɗin shinge ta aiko da saƙon jaje, ta kuma nemi hotunan matattun don rahotonta na shekara. Na aika musu, tare da kwafin takardar da suka ƙi amincewa da ita da ranar da aka rubuta ta. A kasafin bana sun sa shinge, amma na gidaje kaɗan, a matsayin gwaji. Garkunan da ke bakin gandun sun ninka haka sau da yawa, mafi yawansu har yanzu ƙaya ce ke kewaye da su, kuma lokacin da kura ta fi matsa wa dabbobi yana tafe. Na sake rubuta musu a makon jiya.