Saƙon Godiya Bisa Rasuwar Ƙanin Maiɗakina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yanzu da aka kwashe rumfar makoki daga ƙofar gidanmu a nan Adis Ababa, baƙin Jimma, garin da surukata take zaune, kuma suka koma gida, ya wajaba in yi godiya a madadin kaina da maiɗakina da surukata, bisa yadda kuka tsaya mana tsayin daka a kan rasuwar ƙaninmu. Kun riga kun san yadda abin ya faru, ni kuma ba ni da ƙarfin sake bayar da labarin. Matashi ne ɗan shekara 24 da ya kammala karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Adis Ababa da sakamako mai kyau, ya haye jarrabawar fita da gwamnatin Habasha ta wajabta wa masu kammala jami'a tun 2023, ba shi da zance sai na samun aiki a babbar madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Abay, wato Blue Nile. Bayan sallar isha'i ya yanke jiki ya faɗi, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Godiyata ta farko ga dattijon maƙwabcinmu ce, wanda Kirista ne, kuma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. A farfajiyar asibiti, hannuna yana rawa, na ciro waya zan kira mahaifiyar yaron, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, a ƙasar nan ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya, ba a kuma gaya mata da dare." Shi ya zauna a kan benci cikin sanyin damina yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, har ya samu limamin unguwarsu a Jimma da dattawa biyu, suka amince za su je gidan da kansu bayan sallar asuba, su bari ta zauna, mata su kewaye ta, kafin su buɗe baki. Da na kira ta a wannan daren tana ita kaɗai da ciwon hawan jininta, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya.

Ina godiya ga ƙungiyar iddir ta unguwarmu, wato ƙungiyar taimakon juna a lokacin mutuwa, wadda na daɗe ina biyan kuɗin watanta ba tare da na san darajarta ba. Kafin gari ya waye sun kafa rumfa, sun jera kujeru, matansu sun ɗora tukwanen dafaffiyar alkama da gahawa, kuma har aka cika kwana uku ba su bar maiɗakina ta kusanci murhu ba. Haka nan direban da ya ɗauko surukata a tafiyar kusan kilomita 350 ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, da abokan karatun marigayin da suka riƙe makara har maƙabartar Kolfe, da 'yan uwanmu Hausawa ma'aikatan Tarayyar Afirka, musamman Hajiyar da ta lura cewa ƙarfe goma da aka sanar na jana'iza lissafin agogon Habasha ne, ta bi mutanenmu tana gaya musu ƙarfe huɗu na yamma ake nufi. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Daga gida kuwa, waɗanda suka kira mun gode ƙwarai. Akwai waɗanda muka yi zaton su ne za su fara kira, har yau shiru. Wataƙila suna ganin rashin na dangin mata ne, alhali a gidana yaron ya zauna tun shigarsa jami'a, shi ne kuma ya koya wa 'ya'yana lissafi.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin da ya wahala a kansa ya zama hujja a gare shi, Ya sanya Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa da yayarsa haƙurin jure wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Duk wanda yake bin marigayin bashi, ko yake riƙe da wata ajiya tasa, muna roƙon ya tuntuɓe ni kai tsaye domin a sauke masa nauyin.