Launi ɗaya, allo sittin

Shekara 11 ke nan ina rubuta allunan shaguna a Garwa, na masu aski da teloli, kuma har yau haɗa launi ne ke ba ni wahala. Shuɗin da ka haɗa yau, gobe ko ka yi rantsuwa ba zai fito iri ɗaya ba. Ƙanena ya san wannan ƙorafin nawa, shi ya sa ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, ga wanda ya riga ka gano magani."

Jacob Lawrence ne, mai zane baƙar fata ɗan Amurka, haifaffen 1917, wanda ya tashi a unguwar Harlem ta New York. Jerin zanensa na farko tarihi ne: allo 41 kan Toussaint L'Ouverture, jagoran tawayen bayi a Haiti. A 1941, yana ɗan shekara 23, ya kammala allo 60 kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar Amurka zuwa arewacinta. To ga dabarar. Jera allunan ya yi gaba ɗaya, ya ɗauki launi guda, mai duhu tukuna, ya bi su kaf yana shafawa inda ya dace, sannan ya ɗauko na gaba. Fentin ma mai araha ne. Allon farko cunkoso ne a tashar jirgin ƙasa, ko fuskokin ba a gani sosai, amma ni tashar Gaundare na gani, ranar da muka raka yayanmu zai tafi Yawunde neman aiki.

Bayan haka ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, ya zana yaƙin. A 1949 ciwon damuwa ya kwantar da shi asibiti, launinsa ya dusashe. Ya zo Najeriya a 1962, ya dawo a 1964 da matarsa Gwendolyn Knight, ya cika zanensa da 'yan kasuwa da kaji da atamfa, babu masaka tsinke. A 1971 ya fara koyarwa a birnin Seattle na Amurka, ya yi ta zana kafintoci da zarto da guduma, har rasuwarsa a 2000. Ni dai na ƙuruciyar sun fi shiga raina, na baya sun yi tsaf da yawa.

Makon jiya wani mai sayar da taya ya ba ni allo shida. Na jingina su a bango, na haɗa ja sau ɗaya na bi su duka. Kafin la'asar na gama, har fenti ya rage.